Na kowa ne, ko ba na kowa ba ne?

A hutun daminar 2022, mu huɗu muka sa manyan riguna muka nufi meri ta wata komin a arewacin Adar. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin da zan ba da labari ba laifin mutum ɗaya ba ne, kuma in akwai laifi, ina da nawa kaso a ciki. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ƴan asalin yankin tana shirya makon al'adu: wasan kwaikwayo, gasar ƙwallo, kacici-kacici, da shayi, shayi mai yawa. Muka rubuta takardar neman taimako da faransancin da ya fi ƙarfin buƙatarmu. Magajin gari ya tarbe mu hannu biyu-biyu. Ya ce, "Ɗiyana, ku na manyan gobe, ba ni iya maida ku hannu banza." Ya sa aka ƙirgo mana jikka 50. Muka fito muna sa masa albarka. Ɗaya daga cikinmu har cewa ya yi, "Wanga mutum ɗan halas na, hannunai a sake shike."

Da dare na ba Inna labari ina ta washe baki. Inna gabu da kauɗa take saidawa ran kasuwa, tun kafin a haife ni. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To madalla. Cikin aljihunai ya hiddo, ko cikin na tikiti?"

Ban ba ta amsa ba. Na shiga ɗaki na yi lissafi. Harajin komin da ake biya a karkara sefa 700 ne a shekara kan kowane baligi, wato dala 140 a ƙirgenmu. Jikka 50 ke nan harajin mutum 71, har da ƴan canji. In kuma da tikitin Inna za a auna, dala 10 take biya kowace kasuwa, kasuwar kuwa sau ɗaya take ci a mako. Sai ta yi kasuwa 1000 kafin ta tara abin da muka shanye cikin kwana bakwai. Sama da shekara 19 ke nan tana zaune cikin rana. Mu ɗalibai kuwa doka ta ɗauke mana harajin nan, ko dala ba mu zuba ba.

Tun daga daren nan tambaya ɗaya ke bina. Mutumin da ya yi kyauta da kuɗin da aka ba shi ajiya, mai kyauta ne ko mai cin amana? Wanda ya karɓa fa, yana godiya, mi sunansa? Kuma wanda ya ƙi biyan haraji don ya tabbata cinyewa za a yi, ya yi laifi ko ya yi wayo?

Bari in fara da abin da na ɗan sani, wato harshe. A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da duka da kuma babu. In ka ce "kowa ya zo", gari ya cika. In ka ce "ba kowa", fili ya zama wayam. Haka "na kowa ne" da "ba na kowa ba ne", tsakaninsu "ba" guda biyu kawai, kuma a aikace ko su ɗin ba mu furtawa. Je ka tsaya bakin famfon unguwa da ya lalace, ka tambayi na wane ne. Za a ce maka na kowa ne. Ka tambayi wa zai gyara. Ba kowa. Ba ina cewa nahawu ne ya lalata famfo ba, kar malamaina su ji su kore ni. Abin da nake cewa shi ne harshe yana ba mu wurin ɓuya mai daɗi, mu kuwa mun iya shiga.

Wurin ɓuya na biyu shi ne ɗan ƙaramin wakilin sunan nan, "an" da "aka", ko "anka" yadda muke faɗi a gida. An yi mana rijiya. An cinye kuɗin. An ce babu. Aiki ya faru, mai aikin ya ɓace. Mai kyau da maras kyau duk daga sama suke faɗowa kamar ruwan Agusta, ba mai suna balle a kama rigarsa. Saurari yadda muke raba dukiyar da ke cikin garuruwanmu: wannan na gwamnati ne, wancan na proje ne, wancan na meri ne. Tun 1984 aka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya, mata dubbai suka ɗauki duwatsu a kai suka tare zaizayar ƙasa, ana biyansu da abinci. Da hannunsu suka yi, amma har yau sai ka ji ana kiran wurin "na proje". Da wuya ka ji an ce namu.

Wannan ba daga banza ya zo ba. Kakanninmu sun san haraji kafin su san abin da haraji ke saye. Tun kafin Nasara, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi kan kuɗaɗen da suke ɗora wa talakawa, har da jangali. Da Faransawa suka zo a farkon ƙarni na 20, suka kawo lanho, kuɗin kai, wanda dole sai da kuɗinsu za a biya, ko an yi damina ko ba a yi ba. Ga aikin tilas a kai, wanda ba a soke ba sai 1946. Kalmar ma tasu ce, bakinmu ne ya lanƙwasa ta. Mutumin da aka shanya a rana don bai biya lanho ba, bai taɓa tunanin yana zuba jari a asusun garinsu ba. Fansar kansa yake yi. A zamanin Seyni Kountché aka soke kuɗin kai na ƙasa, ya rage na ƙananan hukumomi, amma tsoron da ƙiyayyar ba su tafi da takardar sokewa ba. Gado ne, mun gaje shi kamar gona.

A ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli na farko a duk faɗin ƙasa, a komin 265. Manufar, a takarda, kyakkyawa ce ƙwarai: kuɗin gari su zauna a gari, ƴan gari su yanke yadda za a kashe. Dokar 2010 ta ƙara tsara abin, ta mai da Tawa birni mai gunduma biyu, kamar yadda Maraɗi ta samu uku, Yamai da Damagaram biyar-biyar. Komin irin su Kalfu, Barmu, Afala, Bambai, Takanamat da Tebaram kowace ta samu majalisarta. A lokacin, majalisa na zama duk wata uku, ƙofa a buɗe ga duk mai son saurare. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama a ba su magana, amma ba su jefa ƙuri'a. Ɗan gari na da ikon ya nemi ganin kasafi. Har ma an ce aƙalla kashi 45 cikin 100 ya tafi ga ayyukan gina gari, kada albashi da tafiye-tafiye su lashe duka.

Maganar Inna ce ta sa, kafin mu koma Yamai a shekarar nan, na je na zauna a zaman majalisar komin ɗinmu. Mai gadi ya tare ni ya ce, "Wa kake biɗa?" Na ce saurare na zo. Ya dube ni kamar na ce na zo auren bishiya. Ni kaɗai ne ɗan kallo.

Na je da shirin ganin ɓarayi, kuma gaskiya ban gan su ba. Abin da na gani ya fi haka wuyar sha'ani. Sakatare ya karanta takardu da faransanci, layi bayan layi, lamba bayan lamba, ya kai minti goma. Aka juya ga mai fassara, ya ce, "Wanga duka kuɗin tahiyad da aiki na." Shi ke nan. Minti goma sun koma numfashi ɗaya. A cikin kansilolin akwai wani dattijo, tsohon ɗan kasuwa, wanda na san zai iya lissafa ribar buhu 300 na albasa daga nan zuwa Abijan bai taɓa alƙalami ba. A ɗakin nan kuwa ya zama kurma. Akwai Buzu, akwai Bafillace, su fassarar fassara ma suke ji. Mata biyu da ke ciki ba su ce uffan ba sai da aka zo ɗaga hannu.

Gardamar ranar a kan abu biyu ce. Famfon da ke kusa da kasuwar dabbobi ya mutu wata da watanni. Motar meri kuma tana son gyara da esansi. Kuɗin da ke akwai ba su isa duka biyun ba. Kafin in shiga ɗakin, da an tambaye ni da na ce famfo, ba ko tantama. Sai magajin gari ya yi bayani: in mota ba ta tashi ba, ba mai zagaya ƙauyuka ya karɓo haraji wurin masu gari, kuma abin da aka karɓo bara bai kai rabin abin da aka sa rai ba. Ma'aikata na bin albashin watanni. In babu esansi bana, baɗi ko kuɗin gardama ba za a samu ba. Dattijon nan ya ce, "In mutane sunka ga ruwa, su da kansu za su kawo kuɗin. In sunka ga mota, ɓoyewa za su yi." Duka biyun gaskiya suka faɗa. Aka ɗaga hannu, mota ta ci. Ni kuwa ina zaune a baya, na san inda jikka 50 daga cikin kuɗin famfon suka shiga. Wani sashe yana cikin cikina, da sukari da na'ana'a.

A nan ne nake ganin tsakiyar matsalar take, kuma ba ta sata ba ce yadda muka saba faɗi. Muna da tarbiyya biyu, kowace tana da hujjarta, suna cin karo a kan tebur ɗaya. Ta farko ita ce wadda aka rene mu da ita: mai abu ya ba maras shi, babba ya rufa wa na ƙasa asiri, wanda Allah ya ɗaga ya tuna da dangi. Da wannan tarbiyya Adar ta tsira daga yunwa fiye da sau ɗaya, ba abin rainawa ba ce. Ta biyu tana cewa abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne, ko da kuwa mai roƙon yunwa yake ji, ko da ɗan ƙanwarka ne. Ita ma ba baƙuwa ba ce, sunanta amana, kuma ba Nasara ya koya mana ita ba. Magajin gari yana tashi da safe ya tarar da mutum goma a ƙofar gida: wannan takardar magani, wancan suna, wancan an kama ɗansa a Libiya. Albashinsa ba ya ɗaukar ko uku. In ya ce babu, kafin azahar gari ya ɗauka: marowaci ne, ya manta wanda ya zaɓe shi, ya zama Anasara. In ya buɗe akwatin komin ya bayar, mu ce ɗan halas. Shekara ta zagayo famfo bai tashi ba, mu ɗin dai mu ce an cinye. Wa ya cinye? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Kar a ji na ce babu masu ci da gangan. Akwai, kuma ba ƴan kaɗan ba: filaye da ake yankawa a raba tsakanin abokai, kwangilar da ake ba ɗan jam'iyya, tikitin kasuwa da ake yagawa biyu a saida wa mutum biyu. Wannan kowa ya san haramun ne, ba ya buƙatar rubutuna. Wanda ya dame ni shi ne cin da ake yi da bismilla, a bainar jama'a, kowa na sa albarka.

Sai maganar yayana. Yana Abijan shekara tara, kamar rabin samarin yankinmu da suka tafi biɗa. Da aka tashi sabunta masallacin Juma'a na garinmu, ƴan garin da ke can suka yi karo-karo, shi kaɗai ya zuba abin da ya fi harajinsa na shekara ɗari. Amma duk shekara sai ya kira Baba ya ce a cire sunansa daga katin iyali, shi ba ya biyan dala 140 a sayi esansi da su. Na ce masa, "Yaya, ai matarka da ɗiyanka nan suke, famfon nan suke sha." Ya ce, "Wane famfo? Wanda ya mutu? Masallaci na gani da idona, an turo mini hoto ta WhatsApp tun daga tushe har rufi. Kowane buhun siminti an rubuta. Su kuwa mi sunka taɓa gwada mini?"

Na daɗe ina juya wannan magana, don tana da ƙarfi. Yayana ba marowaci ba ne. Sharaɗi gare shi: in gani, in bayar. Haka Inna take da adashinta. Su goma sha biyu ne, ba mai karatun boko a cikinsu, amma dala ɗaya ba ta taɓa ɓata ba, don kowace ta san abin da ta zuba, ta san ranar kwasarta, ta san ƙofar ɗakin uwar adashi. Ashe ba mu ƙi tara kuɗi wuri ɗaya ba, gwanaye ne ma a kai. Abin da muka ƙi shi ne zubawa cikin rijiyar da ba mu jin ƙarar faɗuwar guga.

Duk da haka ban yarda da shi har ƙarshe ba, ga dalilina. Akwai abubuwan da ba su da hoto. Masallaci yana da hoto, yana da lada, yana da sunan wanda ya gina. Yashe magudanar ruwa kafin damina ba shi da ko ɗaya. Albashin mai rubuta takardar haihuwa, wadda in babu ita yaro ba ya zana jarrabawa, ba wanda zai turo maka shi ta waya ka ji daɗi. Kwashe bola, gyaran shingen kasuwar dabbobi, alli da benci, duk ayyuka ne da ba a lura da su sai ranar da aka daina. Duk wanda ya san Tawa kafin bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka kira Tahoua Sakola, ya san garin ya canza: gudron, fitilu, gine-gine. Wannan kuɗin ƙasa ne, kuma ya yi kyau. Amma shara da yashe kanibo da canza ƙwan fitilar da ya mutu, wannan aikin kullum ne, kuma daga tikitin kasuwar Lahadi da na tasha da harajin mazauna Bilbis da Wadata da sauran unguwanni zai fito. In kowa ya ce sai abin da ke da hoto zai biya, za mu zama gari mai dogayen hasumiyoyi da ruwa kwance a ƙofar kowane gida. Kuma in yayana ya ƙi biya, ba magajin gari yake hukuntawa ba. Mota dai za ta sha esansinta. Inna ce ke biya, don ita ba ta da inda za ta ɓuya, mai tikiti ya san inda tabarmarta take.

To amma in na ce masa ya biya, dole in faɗi rabin na biyu, wanda ya fi wuya. Wanda ya biya ya yi shiru bai gama biya ba. Dala 140 ba sadaka ba ce da za ka bayar ka juya baya don kada hagu ta sani. Zubi ne, mai zubi kuwa yana zuwa ranar kwasa. A Porto Alegre ta ƙasar Brazil, tun 1989 aka fara tara mutanen unguwanni su zauna su zaɓi aikin da za a fara da shi cikin kasafin gari. Ba aljanna suka gina ba, amma talaka ya koyi tambayar "nawa ne, kuma ina suka shiga?" Mu doka ta buɗe mana ƙofa shekara 20, ba mu shiga ba. Mu ɗalibai da muka iya faransancin da ake karanta kasafi da shi, mun je meri sau nawa? Sau ɗaya a shekara, da takardar roƙo.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun komin da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Ina Yamai lokacin. Na kira gida in ji yadda mutane suka ɗauki abin, Baba ya ce, "Wa ya rasu?" Wasu ma murna suka yi, suna cewa gara mai kaki, ko ba komi ba shi da ƴan jam'iyyar da zai biya. Ban zo yanke hukunci tsakanin zaɓaɓɓe da naɗaɗɗe ba, wani kantoman zai fi wani magajin gari riƙon amana, wani kuma a'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kujerun nan suka tafi ba wanda ya ji an ɗauke masa wani abu. Ba ka kukan rashin abin da ba ka taɓa ɗauka naka ba. Tikiti dai ana nan ana yanka wa Inna. Dattijon nan mai lissafin albasa, wanda ko ba komi yana iya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, yanzu yana zaune ƙofar gidansa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi na aiki. A tsangayarmu an yi ta gardama, wasu na murna, wasu na tsoron abin da zai jawo tsakaninmu da masu sauran harsuna, kuma tsoron nasu abin saurare ne. Ni gwajin da nake jira ƙarami ne. Ranar da za a liƙa kasafin komin a bakin kasuwa, da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a rediyon gari da Tamajak da Fulatanci, a ce ga abin da kasuwar dabbobi ta kawo wannan wata, ga abin da aka sayi esansi, ga abin da aka ba ɗalibai su sha shayi. Na gwada fassara shafi ɗaya da kaina, don in ga ko za ta yiwu. Tana yiwuwa, sai dai Hausa ba ta da kunya irin ta faransancin ofis. Layin da aka rubuta da kalmomi masu santsi na tallafi ga ƙungiyoyi, in ka juya shi sai ya fito tsirara: kuɗin da aka ba wane da wane. Ina jin shi ya sa ba a gaggawar fassarawa.

Bana ma ƙungiyarmu ta zauna kan makon al'adu. Na kawo maganar, na ce mu yi karo-karo tsakaninmu, ko mu rage kwanakin, mu bar kuɗin komin. Wani ya ce in ba mu karɓa ba wasu za su karɓa. Wani ya ce ai haƙƙinmu ne, mu ma ƴan komin ne, kuma wasan kwaikwayon da muke yi kan auren wuri ya fi wasu ayyukan meri amfani. Wannan ta biyun ban iya ture ta gaba ɗaya ba. Na ce to, in haƙƙi ne, mu nemi a rubuta shi a fili, mu kuma mu kawo resi na kowace dala, mu karanta a gaban iyayenmu ranar rufewa. Aka yi dariya, aka ce Malam ya fara wa'azi. Aka ɗaga hannu, mu biyu muka ƙi, sauran suka yarda a rubuta wa kantoma. Da aka tashi, shugaba ya miƙo mini takardar ya ce tunda ni ke karatun harshe, in gyara musu faransancin kafin Litinin. Tana cikin jakata yau kwana uku, ban buɗe ba, ban kuma mayar ba.